A gwada kask kafin a biya kuɗinsa

Ranar Lahadi, a kasuwar Filinge, rumfunan masu kayan salula ba su rabuwa da jama'a. Ga pil, ga wayar caji, ga ƴan farantan hasken rana. Daga saman rumfa kuma ana rataye wani abu mai kamar ƙaramin baka, da ƴan kasake biyu a ƙarshensa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ana ɗora bakan bisa kai, kasaken su rufe kunnuwa, sai magana ta riƙa shiga kan mutum shi kaɗai, na kusa da shi bai ji komi ba. Mutanen Yamai suna ce masa kask, sunan da suke kiran hular kwanon masu moto da shi. A Najeriya hedifon suke cewa. Ƙaramin nan da ake cusawa cikin ramin kunne ekutar ne, ba shi ne abin magana yau ba.

Da can ba a ganin kask sai a kan ma'aikacin gidan radiyo. Dattawa suna tune da zamanin Radiyo-Kulob, ƙungiyar da aka kafa a Nijar a 1962. Radiyo guda ake ajewa a dandali, jama'a su kewaye shi da dare. In an gama shiri a yi muhawara, mai kula da kulob ya ɗauki maganar mutane a na'ura ya aika Yamai. Kunne ɗari, akwati ɗaya. Wanda ya gaji ya tashi ya tafi gida. Wanda bai ji daidai ba ya tambayi na kusa da shi.

Yau abin ya canza. Salula ta zama radiyo, ta zama kaset, ta zama gidan waya. Manomi yana jin labarun Muryar Sahel a cikinta. Yana da katin memwar cike da karatu da wa'azi da waƙoƙin gargajiya. In lokacin kokowar ƙasa ya zo, wadda aka fara a Tawa a 1975, akwai masu yin kwana da kwanaki kunne na manne da salula, daga kamun farko har a ba da takobi. Ga kuma saƙon murya na ɗa ko ƙane da ya tafi biɗa Legas ko Abijan ko Libiya. Saƙon da ke maganar kuɗi ko maganar aure ba a sakinsa tsakar gida, kishiya na ji, maƙwabci na ji. Shi ya sa magidanta da yawa suka nemi kask, ba don ado ba. Sai dai mai saye launi yake dubawa, da ƙarfin murya. Ba ya tambaya ko abin zai zauna lafiya a kansa har awa uku. Mai rumfa ma ba ya faɗi.

Akwai wani magidanci a wani ƙauye tsakanin Filinge da Tukunus, shekarunsa sun haura hamsin. Yana noman hatsi da wake, yana da shanu kaɗan da awaki. Da rani yana zuwa makarantar yaƙi da jahilci, kuma yana cikin masu ƙoƙari. Babban ɗansa ya dawo daga Legas gab da damina, ya kawo masa tsarabar kask baƙi mai ƙyalli. Ya ce: "Baba, ga wannan, ka huta da manna salula a kunne." Dattijon ya yi murna ƙwarai, ya sa masa albarka. Da dare ya yi, ya zauna ƙofar gida ya ɗora abin bisa rawaninsa, don shi mutum ne da ba ya fita waje da kai a buɗe.

Rawani ya shiga tsakanin kasaken da kunnuwa. Murya ta riƙa zuwa kamar daga ƙasan rijiya. Kukan jaki na shigowa, hirar samari na shigowa. Sai ya danna wurin ƙara murya, ya sake dannawa, har salula ta fito masa da wani rubutu. Gargaɗi ne, cewa sauraro da ƙarfi na lokaci mai tsawo yana cutar da kunne. Amma da faransanci aka rubuta, shi kuwa hausa yake koyo. Ya danna ya wuce, ya kai murya ƙarshenta.

Haka ya yi ta yi kowane dare, awa uku, awa huɗu. Kafin wata biyu abu biyu suka same shi. Ganyen kunnuwansa suka riƙa zafi kamar an murɗe su, gefen kansa na sara. In kuma ya cire kask ya kwanta, sai ya ji wata ƙara siririya cikin kai, kamar kukan gyare, alhali ba gyare a ɗakin. Zafin ne ya dame shi. Gyaren bai ɗauke shi a bakin komi ba. Gyaren ne kuwa babba. Duka biyun uwarsu ɗaya: kask bai zauna daidai ba.

A fara da zafin. Ganyen kunne ba ƙashi ba ne, ba tsoka ba ce. Guringuntsi ne da fata siririya a kai, ba kitsen da zai tare masa matsi. In an danne shi minti biyar ba komi. In an danne shi awa biyu jini ba ya gudana yadda ya kamata, sai zugi. Duk wanda ya taɓa kwana da kunne a naɗe bisa tabarma ya san wannan zugin.

Kask iri biyu ne, ko da yake daga nesa kamarsu ɗaya. Kowane kasko yana da ƴar katifa a bakinsa. Akwai wanda katifarsa ke zama bisa kunne, ta danne shi. Akwai wanda katifarsa ke kewaye kunne kamar zobe, ta zauna bisa ƙashin kai, kunne na ciki a sake. Na biyun shi ne na dogon sauraro. Da yawa cikin masu araha girman banza gare su: daga waje ƙato, amma ramin ciki bai isa kunnen babban mutum ba. Kunnen babban mutum yakan kai santimita 6 a tsaye ko ya ɗan fi. Na tsofaffi ya fi haka, don kunne yana ƙara tsawo da shekaru. Na dattijon nan, ramin bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Kunne bai shiga ba, naɗe shi aka yi.

Akwai dabara mai sauƙi. Mai niyyar saye ya samu tsinken ciyawa tun daga gida, ya gwada shi daga saman kunnensa zuwa ƙasa, ya karya daidai nan, ya sa aljihu. A kasuwa ya sa tsinken a tsaye cikin ramin katifar. In ya shiga bai tanƙware ba, kunne ma zai shiga. Sannan ya tura yatsa ya ji zurfi. In yatsa bai nutse har gaɓar farko ba, kunne zai riƙa gugar bangon ciki. Mai rumfa zai yi dariya. A bar shi ya yi, ba kunnensa ba ne.

Sai maganar matsi. Bakan nan ne ke riƙe abin a kai, kamar yadda awartaki ke riƙe ƙarfe a maƙera. Kawunan mutane ba ɗaya ba ne. In matsi ya yi yawa, gefen kai ke ciwo, da mahaɗar muƙamuƙi da ke gaban kunne. In ya yi kaɗan, da mutum ya sunkuya sai kask ya zame. Don haka a sa shi a kai tun a rumfa. A sunkuya kamar mai ɗaukar abu a ƙasa, a girgiza kai a hankali, a buɗe baki kamar mai hamma. A bar shi a kai ana ciniki, ko da minti goma ne. Wanda ya fara ciwo cikin minti goma ba zai yi sauƙi a awa uku ba. Sabon kask mai matsi ana iya saussauta shi, a buɗe shi bisa tiya a kife, ko ƙwaryar da ta ɗan fi kan mutum faɗi, ya kwana biyu ko uku a haka. Wannan sai in akwai ƙarfe cikin bakan. In roba ce zalla a yi hankali, robar da ta sha rana karyewa take yi.

Nauyi fa? Babban kask yakan kai giram 200 zuwa 350, wato wajen rubu'in kilo. Matan da ke ɗauko tulu daga rijiya za su ce wannan ai ba kaya ba ne. Gaskiyarsu. Amma ba macen da ke ɗaukar tulu ba gammo. Gammo ba ya rage nauyin ruwa, baza shi yake yi bisa kai duka. Bakan kask ma haka. In siriri ne ba laushi a ƙarƙashinsa, nauyin duka wuri ɗaya yake sauka a tsakar kai, bayan awa guda wurin ya fara zafi. Mai faɗi da laushi ya fi, ko da ya ɗan fi nauyi. Wanda ya riga ya sayi siriri ya naɗa masa ƙyalle mai taushi, ya yi masa gammo. Ƙafafun bakan kuma ana jan su, suna tsawo suna gajarta. A ja har kasaken su zo daidai kunne, ba su rataya ƙasa ba, ba su ja sama ba. Akwai masu yin shekara da kask ba su san ana jan su ba.

Kukan nauyi da matsi ya girmi salula. A 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya harhaɗa kask a ɗakin girkin gidansa, a jihar Utah. Sojojin ruwan Amurka suka nemi guda 100 don masu karɓar saƙo ta radiyo. Kayan aiki ne, ba don jin daɗi aka yi shi ba. A 1958 John Koss ya fito da na sauraron kiɗa a gida. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƴar na'urar kaset da ake yawo da ita, tare da kask ɗin da bai kai giram 50 ba, mai ɗan soso bisa kunne. Wannan ba nauyi, ba zufa, amma ba ya tare ƙarar waje. Babban mai rufe kunne yana tarewa, amma ga nauyi ga zafi. Har yau masu ƙerawa tsakanin waɗannan biyun suke kai da komo. Da wuya kuma a ce sun tuna da mai rawani.

A Kurfai kuwa kan magidanci ba ya zama a buɗe. Ko hula, ko rawani, ko malafa. Buzayen Imanan, wajen Bonkuku, rawaninsu har kunne da baki yake rufewa. Ita katifar kask an yi ta ne ta manne da fata ta kewaye kunne, ba ƙofa ko ɗaya. In ƙyalle mai kauri ya shiga tsakani, kai ya ƙara faɗi, matsi ya ƙaru. Ninkin rawani ya danne kunne. Murya ta ciki ta zube waje, ta waje ta shigo. Mutum ya sha ciwo, kuma bai ji da kyau ba, sai hannu ya tafi wajen ƙara murya. Hular da ba ta sauko kan kunne ba ba ta hana komi, a ƙara tsawon baka kawai. Rawani kuwa, ko a ɗage shi sama da kunne, ko a jira a shiga ɗaki a tuɓe. Ba mai cewa dattijo ya tuɓe rawaninsa a dandali saboda na'ura. A dandali sai a bar salula ta yi magana da bakinta, kamar radiyon da, kowa ya ji.

Mata ma suna da tasu. Ƴan kunne manya in katifa ta danne su, ƙarfen ya soki bayan kunne. Gara a cire su a ƙulle a bakin zane. Kitson da ya tashi tsakar kai kamar doka ba ya shiri da baka, sai a ɗan tura bakan gaba ko baya. Kallabi a ɗaure shi sama da kunne. Akwai kuma tabarau. Masu koyon karatu da yawa da suka manyanta sun sayi tabarau don ganin baƙaƙe. Ƙafar tabarau tana bi ta ƙarƙashin katifa, matsi ya tura ta cikin gefen kai, kuma ta buɗe ƙofar da murya ke fita. Mai tabarau ya je kasuwa da su a fuska ya gwada, ya nemi katifa mai laushi ƙwarai. In ba karatu yake yi ba ya cire su.

Babban abokin gaba dai shi ne zafi. Cikin Afrilu da Mayu zafin Filinge yana wuce digiri 40. Yawancin katifun nan an rufe su da wata roba mai kama da fata. Ba ta shan zufa, ba ta barin iska. Minti ashirin kunne ya jiƙe sharkaf, kamar an kife masa ƙoƙo. Zufa da rana da ƙura suna cin robar, ta tsattsage, ta riƙa zubar da baƙin ɓarɓashi a wuya da kafaɗa. Soson ciki ya lafe, ramin da ya ɗauki kunne bara ya rage zurfi bana. Kask ɗin da aka saya da ɗari ana yabonsa don yana ɗumama kunne, shi ne ake jefarwa gindin gado da bazara.

Wannan kam akwai maganinsa a gari. Tela zai iya ɗinka wa kasaken ƴan riguna na auduga, da zare a baki, kamar hular jariri. Suna shan zufa, ana cirewa a wanke. Suna ɗan rage kaurin kiɗa, wanda samari ke cewa bas, amma mai jin labarai da karatu bai yi asarar komi ba. In robar ta riga ta mutu, baduku zai iya rufe katifar da fatar akuya mai taushi, ya ƙara soso a ciki. Fatar gaske ba ta zubar da ɓarɓashi. Bayan sauraro a share katifa da ƙyalle mai ɗan damshi, a aje abin a inuwa cikin jaka. In kask ɗaya ne gida duka ke amfani da shi, wankin rigunan ya zama dole. Yaron da kunnensa ke fitar da ruwa, ko mai ƙuraje a kai, kada a sa masa sai ya warke.

Yanzu a koma ga gyaren nan. A ƙarshen ramin kunne akwai wata fata siririya a miƙe, kamar ta kalangu. Murya ta buge ta, ta motsa. Ƙananan ƙasusuwa uku su kai motsin can ciki, ga wani abu mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƴan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000 a kowane kunne, ido ba ya ganinsu. Su ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labari. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da gashin, kamar yadda iskar hadari ke kwantar da ɗanyen hatsi. In sau ɗaya ne, da safe ya miƙe. In kullum ne, ƙwayoyin su mutu. Hatsi in ya mutu ana sake shuka. Waɗannan ba su sake tsirowa, ba allura, ba sassaƙe. Kukan gyare cikin kai bayan sauraro alama ce sun sha wuya.

Ana auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babban mutum zai iya jin ƙara mai desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cuta ba. In ta kai 90, awa 4 kawai a mako. In ta kai 100, minti 20. Salula da kask in an kai su ƙarshe suna iya kai 100 ko su wuce. Masu koyon lissafi su duba: a haka mutum zai cinye rabonsa na mako guda kafin a gama labarun dare ɗaya. Kuma rabon ɗaya ne da na injin niƙa da na moto. Yaron da ya wuni a injin niƙa ya riga ya ci nasa tun da rana.

Manomi ba shi da na'urar awo, amma salula tana nuna wani layi in ana ƙara murya. Shawarar OMS kada a wuce kashi 60 cikin 100, wato rabin layin da ɗan ƙari. In na kusa yana jin abin da ke fita daga kask, murya ta yi yawa. In mutum yana tsaye nisan hannu yana magana, sai ya yi ihu a ji shi, ta yi yawa. A nan ne zaman kask daidai yake da babban amfani. Wanda ya kewaye kunne ya manne da kyau yana tare hayaniyar waje, mutum ya ji sarai da murya kaɗan. Wanda bai zauna ba shi ke tura hannu ga ƙara murya.

Wani ɗan garin dattijon, da ya daɗe yana aikin ɗaukar magana a Yamai kafin ya dawo gida, shi ya gane masa matsalar. Ya juya kask ɗin ya duba, ya ce: "Malam, wannan ai na kan yaro ne. Kuma bisa rawani kake sa shi?" Bayan girbi dattijon ya kai zakaru biyu kasuwa, da tsinkensa a aljihu. Sai da ya gwada huɗu kafin tsinken ya shiga. Wanda ya ɗauka ba shi da ƙyalli ko kaɗan, ɗansa ma ya ce na tsofaffi ne. Ya ba tela ya yi masa riguna. Ya koma sauraro cikin ɗaki, kai a buɗe. Abin da ya ba shi mamaki, layin murya bai kai rabi ba yana jin kowace kalma, har numfashin mai karanta labarai. Zafin ganyen kunne ya tafi cikin mako guda.

Sai wata sabuwa ta fito. Tsohon kask, ciwo ne ke tilasta masa ya cire. Sabon ba ya ciwo, sai ya manta da shi a kai. Barci ya ɗauke shi, ya farka da asuba radiyo na ta huci a kunne. Wata safiya uwargida ta ce: "Malam, jiya awaki sun ɓalle sun shiga harawa, na yi ta kira har na gaji." Bai ji ba. Kask mai daɗi ma yana da nasa haɗari, don ba ya tuna wa mai shi lokaci. Kunne yana son hutu. Kowace awa a cire minti biyar ko goma, kunne ya sha iska, a share zufa. Wanda ba shi da agogo ya cire duk lokacin da shiri ɗaya ya ƙare. Kada kuma a kwana da shi. Kwanciya bisa kasko tana danne kunne, tana karkata wuya, kuma tana karya bakan.

Akwai wuraren da ko kask ɗin da ya fi kowane dacewa bai kamata ya je ba. Cikin Dallol Boso ruwa yana kusa, amma a tudu rijiyoyi suna da zurfi, da jaki ko sa ko raƙumi ake jan wasaki. Na bakin rijiya shi ke yi wa mai korar dabba kira ya tsaya. In yaron ya rufe kunnuwa, kiran bai isa gare shi ba, igiya ta ci gaba da tafiya, hannun mutum kuwa yana kanta. Makiyayi ma da kunne yake kiwo kafin ido. Yana jin kukan maraƙin da ya ɓata, yana jin garke ya firgita, yana jin ƙarar moto tun tana nesa, kuma a shekarun nan da daji ba lafiya kowa ya san amfanin wannan. Mai amalanke a kan hanyar Balayara yana bukatar jin motar da ke bayansa. Wasu samari suna zame kasko ɗaya su bar kunne guda a buɗe. Ya fi babu, amma da kunne biyu mutum ke gane ta ina ƙara ta fito. A bar kask a gida.

Shi dattijon, gyaren kunnensa na dama ya yi shiru bayan ya rage murya. Na hagu bai daina ba. A makaranta ya koma zama layin gaba, yana juya gefen dama wajen allo. Abokansa suka ce dauɗa ce, ya sa gashin kaza ko tsinken ashana ya ƙwaƙulo. Wani ya ce ya ɗiga man gyaɗa mai ɗumi. Bai yi ba, kuma ya kyauta, don tsinke yana tura dauɗa ciki, yana iya huda fatar kalangun nan. Ƙarar da ta wuce kwana biyu ba ta daina ba, ko kunne mai fitar da ruwa, gidan likita ake kai su. In kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya, ranar nan za a tafi, ba a jiran ranar kasuwa.

Ya je gidan likita. Aka leƙa da ƴar fitila, aka ce ramin kunne lafiya yake, ba dauɗa, ba rauni. Aka ba shi takarda zuwa Yamai, inda likitocin kunne suke da na'urar gwada ji. A can ma kask ake ɗora wa mutum, a saki ƙara siririya kunne ɗaya bayan ɗaya, ya ba da alama in ya ji. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Takardar tana ninke cikin littafinsa na karatu, yana jiran ya sayar da wake.